Karan ɗori da ƴan'uwansa biyu a rubutun Ingilishi

Wani ɗalibi da ya kammala lisans a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, yana kuma neman gurbin digiri na biyu a Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce ya rubuta takardar neman gurbi da tsarin bincikensa da Ingilishi, sai wanda ya duba masa ya bi kusan kowane ɗan kara da ke cikin rubutun ya zagaye shi da jan biro, ba tare da ya bayyana masa abin da ya lalace ba. Yana so ya san ko ba kara ɗaya ba ne duka, in kuma sun bambanta, yaya ake rarrabe su, kuma me ya sa abin da ya koya a Faransanci bai fisshe shi ba.

Ƙanena, ba kara ɗaya ba ne. Ingilishin da ake bugawa a littafi da mujalla da jarida yana aiki da kara uku, tsawonsu ya bambanta, aikinsu ma haka. Na farko shi ne gajeren (-), wanda muka sani a nahawun Hausa da sunan karan ɗori, masu Ingilishi kuma suna ce masa "hyphen". Na biyu matsakaici ne (–), suna ce masa "en dash". Na uku shi ne dogon (—), wato "em dash". Ma'aunin biyun ƙarshe daga ɗakin ɗab'i ya fito, inda dogon yake ɗaukar faɗi daidai da girman haruffan da ake bugawa da su, matsakaicin kuma ya ɗauki rabin haka. Karan ɗori yana ɗaure kalmomi su zama abu guda. Matsakaicin kara yana tsayawa tsakanin abu biyu da kowannensu ke zaman kansa, ya nuna tazara ko alaƙar da ke tsakaninsu. Dogon kara kuwa jimla yake katsewa.

Ruɗanin ba daga gare ka ya fara ba. Tafireta maɓalli ɗaya ta tanadar wa dukkansu, shi ya sa magatakardan da suka koyi aiki a kanta suke buga karan ɗori biyu a jere idan suna nufin dogon kara, kuma allon kwamfuta ya gaji wannan ƙarancin. A kan allon AZERTY, wato irin na Faransanci, da ya cika ofisoshi da shagunan buga takardu a Nijar, karan yana zaune a kan maɓallin 6, wanda kowa ya san shi da "tiret du six" idan ana karanto wa mutum adireshin imel. Duk wanda bai nemi sauran biyun da gangan ba, wannan zai yi ta bugawa a ko'ina. Faransanci ma yana da kara ukun nan, amma a lakwal biyu aka fi nanata mana, na haɗa kalmomi da na buɗe zancen mai magana a cikin labari, kuma ɗabi'un da muka ɗauko daga nan su ne suke bin mu zuwa Ingilishi.

Zan fi daɗewa a kan karan ɗori, domin shi ne wanda rashinsa ya fi saurin sauya ma'ana. A Hausa mun saba da shi a kalmomi masu ninki irin su iri-iri da tafiye-tafiye, da harɗaɗɗun kalmomi irin su faɗi-tashi. Ingilishi yana ba shi wani aiki da Hausa da Faransanci ba su cika buƙata ba, kuma dalilin yana cikin ginin jimla. Mu da Faransawa muna ambaton abu tukuna, sa'an nan mu jero bayaninsa a bayansa da taimakon ƙananan kalmomi: ƴan kasuwa masu jin Hausa, rago ɗan shekara uku. Ingilishi kuwa tara bayanin yake a gaban sunan, kalma a kan kalma, babu abin da ke nuna wacce ce ke tafiya da wacce. Karan ɗori shi ne yake nunawa. A "Hausa-speaking traders", karan ya gaya wa mai karatu cewa kalmomi biyun farko siffa ɗaya ce da ke bayanin ta uku.

Ka ɗauki misalin dillalin da zai tura raguna kasuwar Maigatari gab da layya, ya rubuta wa mai saye takarda da Ingilishi. Idan ya rubuta "three-year-old rams", ya ce raguna ƴan shekara uku-uku, bai faɗi adadinsu ba. Idan ya rubuta "three year-old rams", ya ce raguna uku, kowanne ɗan shekara ɗaya. Idan kuma ya bar kalmomin haka nan babu kara ko ɗaya, mai karatu sai dai ya yi hasashe, alhali tazarar da ke tsakanin kuɗin rago ɗan shekara ɗaya da na ɗan shekara uku ba abin da ake bar wa hasashe ba ne. Haka "a small-business owner" yake nufin mai ƙaramar sana'a, amma da zarar an cire karan, ana iya fahimtar cewa mai sana'ar ne ƙarami.

Wannan ƙa'ida tana aiki ne idan siffar ta zo gaban sunan. Idan ta koma bayansa, galibi karan faɗuwa yake, domin ruɗanin ya kau: ana rubuta "a well-known tannery", amma "the tannery is well known", ana rubuta "a ten-year-old girl", amma "the girl is ten years old". Ka lura da abu na biyu a wannan misali na ƙarshe, wanda masu tasowa da Faransanci suke yawan tuntuɓe a kansa. A cikin harɗaɗɗiyar siffa kalmar ma'auni ba ta ɗaukar alamar jam'i. Karatun shekara biyu "a two-year programme" ne, ba "a two years programme" ba, kuma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, da Ingilishi "a 20,000-barrel-a-day refinery" ce, kalmar ganga tana nan a tilonta.

Akwai togaciya guda da ya kamata ka haddace. Idan kalmar farko bayanau ce mai ƙarewa da "-ly", ba a sa kara, domin ƙarshen nata ya riga ya nuna cewa kalmar da ke biye take wa aiki: "a newly built classroom", "a widely spoken language". Amma ba kowace kalma mai wannan ƙarshe ce bayanau ba, saboda haka "a family-owned shop" yana riƙe da karansa, tun da "family" suna ne.

A lambobi, Ingilishi yana sa karan ɗori ne daga 21 zuwa 99 kaɗai idan aka rubuta su da haruffa, da kuma a ɓangarori irin su "two-thirds". Gyaran rubutun Faransanci na 1990 ya ba da damar a ɗaure dukkan sassan lamba da kara, shi ya sa wasu ɗalibanmu suke rubuta lambar Ingilishi tun daga farko har ƙarshe a ɗaure. Daidai shi ne "two hundred and twenty-one", kara ɗaya tak.

Ɗafa-goshi kuwa, yawancinsu a manne ake rubuta su, kamar "postgraduate" da "international". Ana sa kara idan kalmar da ke biye tana farawa da babban harafi, kamar "pre-Islamic" da "trans-Saharan", da kuma bayan "self" da "ex" mai ma'anar tsohon mai muƙami, kamar "self-employed" da "ex-minister". Wuri mafi haɗari shi ne inda karan ke raba kalma biyu masu haruffa iri ɗaya: "re-sign" sake sa hannu ne, "resign" kuwa ajiye aiki, "re-cover" sake rufe abu ne, "recover" kuwa warkewa ko dawo da abin da ya ɓata. Ma'aikacin da kwangilarsa ta ƙare, ya rubuta wa shugabansa cewa a shirye yake ya yi "resign" yana nufin sabunta ta, ya rubuta takardar murabus da hannunsa. Haka nan suna da aikatau sukan rabu ta wannan hanya: "a follow-up visit" da kara, amma "we will follow up" babu. Idan kuma siffofi biyu suka yi tarayya a kalmar ƙarshe, ana barin karan farko a rataye da fili a bayansa, a rubuta "two- and three-year courses".

Abin da ƙa'ida ba za ta warware maka ba shi ne harɗaɗɗun sunaye, domin ba a tsaye suke ba. Kalma biyu sukan fara a rabe, su sami kara, daga baya su manne ko su sake rabuwa. A tsofaffin littattafai za ka ga "to-day", wanda yanzu ba mai rubuta shi haka. Bugu na 6 na ƙamus ɗin Shorter Oxford da ya fito a 2007 ya cire kara daga kalmomi kusan 16,000, kamfanin dillancin labarai na AP kuma ya daina rubuta "e-mail" ya koma "email" a 2011. A nan babu wata dabara da ta wuce buɗe ƙamus na zamani, na Oxford idan Ingilishin Birtaniya kake bi, na Merriam-Webster idan na Amurka, ka kuma tsaya a kan guda. Idan wata rana za ka zauna jarrabawar IELTS ta ƙwarewar Ingilishi, ka san cewa a tambayoyin da aka ƙayyade yawan kalmomin amsa, kalma mai karan ɗori ɗaya ake ƙirga ta. Yanka kalma a ƙarshen layi kuwa kada ka yi shi da hannu, domin Ingilishi ba ya yanka gaɓoɓi yadda Faransanci ke yi, kuma da zarar an sauya girman haruffa karan zai dawo tsakiyar layi ya zauna.

Matsakaicin kara shi ne wanda nake kyautata zaton ya jawo maka yawancin jan biron, domin takardar neman gurbi cike take da shekaru da lambobin shafi. Aikinsa na farko shi ne ya tsaya a madadin "zuwa" tsakanin lamba biyu, babu fili a gabansa ko a bayansa. Shekarun da Damagaram ta yi tana hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai ana rubuta su 1911–1926, mulkin Diori Hamani 1960–1974, shafukan maƙala kuma "pp. 45–62". A takardun Faransanci na yau da kullum karan ɗori aka fi sa wa irin waɗannan wurare, ba wanda zai ce maka uffan, amma editan Ingilishi zai gyara. Karatun da ba a gama ba ko aikin da ake kan yi ana rubuta shi "2023–present".

Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne haɗa karan da kalmar da ke buƙatar abokiyarta. Idan ka buɗe da "from", dole ka rufe da "to". Idan ka buɗe da "between", dole ka rufe da "and". Saboda haka "from 2019–2022" kuskure ne ko da karan da ka sa daidai ne, domin ka faɗi rabin maganar da kalma ka faɗi rabin da alama. Ko dai ka rubuta "from 2019 to 2022", ko ka rubuta shekarun biyu da kara a tsakaninsu ba tare da komai a gaba ba. A cikin jimla mai gudana ni na fi son kalmomi, in bar wa jadawali da baka biyu da jerin manazarta karan.

Aikinsa na biyu ya fi ban sha'awa, kuma tarihin ƙasarmu yana da misalansa masu kyau. Yana haɗa sunaye biyu masu matsayi ɗaya waɗanda ba su narke suka zama abu guda ba: "the Zinder–Kano road", "the Niger–Nigeria border", "the Kano–Maradi railway", "the CFA–naira exchange rate", da sakamakon wasa kamar 2–1. Layin da Faransa da Ingila suka shata a takarda a 1890 don raba yankunan da kowacce ke hanƙoro, daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, ana rubuta shi "the Say–Barruwa line", domin wurare biyu ne. Amma yarjejeniyar da ta haifar da shi "the Anglo-French Convention" ce da karan ɗori, saboda "Anglo" ba kalma ce mai tsayawa da ƙafarta ba, ɗafa-goshi ce. Haka ayarin sojan da ya ratsa ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisa a 1899, a Ingilishin da aka tace "the Voulet–Chanoine mission" ne, kuma matsakaicin karan yana shaida wa mai karatun da bai san tarihin ba cewa hafsoshi biyu ne, Paul Voulet da Julien Chanoine. Da karan ɗori aka sa, sai a ɗauka mutum ɗaya ne mai suna biyu, kamar Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma a rubutun ilimi, inda ake yawan laƙaba wa ka'ida ko gwaji sunayen mutum biyu, yana da amfani na gaske.

Akwai wani aiki na uku da madaba'un Amurka suke ba shi, inda yake maye gurbin karan ɗori idan ɗaya ɓangaren kalma biyu ne a rabe, kamar "post–World War II". Ka san da shi domin kada ka ɗauka kuskure ne idan ka gani, amma ba wanda zai ƙi dosiyenka don ka rasa shi.

Dogon kara ba ya shiga cikin kalma, tsakanin sassan jimla yake aiki. Idan biyu ne, suna keɓe wata magana da aka cusa a tsakiya, aikin da waƙafi biyu ko baka biyu ma suke yi, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Baka biyu suna rage muryar abin da aka cusa, waƙafi yana barin sa yadda yake, dogon kara kuwa yana ɗaga shi. Inda ya fi cancanta shi ne inda maganar da aka cusa take da waƙafi a cikinta, kamar a wannan jimla: "Three towns—Mirriah, Magaria and Matameye—were selected for the survey." Da waƙafi aka keɓe sunayen garuruwan, mai karatu zai iya ɗauka cewa garuruwa uku daban, Mirriah daban, sauran ma daban. Idan kuma ɗaya ne, yana zuwa kusa da ƙarshen jimla ya gabatar da bayani ko sakamako ko wani juyi da ba a zata ba: "The wells had one thing in common—none was deeper than twenty metres." A nan ruwa biyu ma za su yi aikin, kuma a rubutun jami'a su na fi so. A labari da wasan kwaikwayo yana nuna an katse mai magana bai ƙarasa ba, saɓanin ɗigo uku da ke nuna muryarsa ce ta mutu a hankali.

A nan ne Faransanci ya fi yi mana shigo-shigo ba zurfi. Abu na farko, Faransanci yana buɗe maganar kowane mai magana da dogon kara a farkon layi, Ingilishi kuwa alamun buɗe magana da rufe ta yake amfani da su. Idan ka kawo kalaman waɗanda ka yi hira da su a bincikenka, kada ka jera su da kara a farkon layi. Na biyu, a Faransanci ana iya ganin waƙafi manne da karan da ya rufe maganar da aka cusa, amma Ingilishin yau ba ya haɗa su, karan ya wadatar. Alamar tambaya ko ta motsin rai ce kaɗai take iya zuwa gaban karan rufewa, idan maganar da aka cusa ita kanta tambaya ce. Na uku, idan ka buɗe da kara ka rufe da kara, kada ka buɗe da shi ka rufe da waƙafi, sai fa idan maganar ta kai ƙarshen jimla, inda aya za ta rufe. Kada kuma jimla ɗaya ta ɗauki fiye da biyu, domin daga uku mai karatu ba ya sanin wanne ne ya buɗe, wanne ne ya rufe.

Ra'ayina a kan dogon kara, bayan shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi ina kuma tace rubutun ɗalibai, shi ne cewa mai koyo ya yi ƙaranci da shi. Alama ce mai sauƙin sha'ani, tana karɓar kusan kowane irin haɗi, shi ya sa wanda bai tantance alaƙar da ke tsakanin tunaninsa biyu ba yakan jefa ta a tsakani ya wuce, alhali da ya tsaya ya zaɓi "because" ko "although" ko aya, da maganar ta fi fitowa. Ana iya rubuta tsarin bincike mai shafi goma babu dogon kara ko ɗaya, ba wanda zai ji an rasa wani abu, amma ba a iya rubuta shafi ɗaya mai kyau babu karan ɗori. A ƴan shekarun nan an ƙara da wani zargi, wai yawan dogon kara alama ce ta rubutun da manhaja irin ChatGPT ta yi. Zargin ba hujja ba ne, tun da marubutan Ingilishi sun yi ƙarnuka suna amfani da alamar kafin a ƙirƙiro kwamfuta, amma mai neman gurbi ba shi da damar tsayawa gaban kwamitin tantancewa ya kare kansa, saboda haka wannan ma dalili ne na taƙaitawa.

Sauran batun fili, wanda a kansa ne za ka ga littattafai sun saɓa wa juna har ka ɗauka wani ya yi kuskure. Babu hukuma guda da ke yanke wa Ingilishi hukunci yadda Académie française take ƙoƙarin yi wa Faransanci. Kowace madaba'a da jarida tana da kundin salonta. Kundin Chicago, wanda aka fara bugawa a 1906 kuma yawancin masu buga littattafai a Amurka suke bi, yana rubuta dogon kara a manne da kalmomin da ke gefensa, kamar yadda na yi a misalan da suka gabata. Madaba'ar Jami'ar Oxford ma haka take yi. Kundin AP da jaridun Amurka da yawa ke bi yana sa fili a gaba da baya, kuma ba ya amfani da matsakaicin kara sam, karan ɗori yake sawa tsakanin lambobi. Yawancin sauran madaba'un Birtaniya da jaridunta, irin su Guardian, ba sa amfani da dogon, sai su ɗauki matsakaicin su sa masa fili a kowane gefe ya yi aikin katse jimla: "Three towns – Mirriah, Magaria and Matameye – were selected." Wannan salon na ƙarshe ya fi kusa da abin da idonka ya saba gani a Faransanci. Dukkansu karɓaɓɓu ne. Abin da ba a karɓa shi ne a gauraya su a takarda ɗaya, ko a ɗauki karan ɗori a sa masa fili a ce ya yi aikin dogon kara, ko a sa fili a gefe ɗaya a bar ɗayan.

Tun da Kano ka nufa, ka fara tambayar sashen da kake nema ko suna da salon da suka wajabta. Sassa da yawa a jami'o'in Najeriya, musamman na ilimi da kimiyyar zamantakewa, salon APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, suke bi wajen jera manazarta, kuma shi yana son matsakaicin kara tsakanin lambobin shafi, da dogon kara a manne babu fili. Idan ba su ce komai ba, ka zaɓi ɗaya daga cikin salon da na ambata ka bi shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Idan bincikenka yana da alƙaluma, ka san kuma cewa alamar ɗebewa ta lissafi (−) alama ce ta huɗu mai zaman kanta, tana zaune daidai tsayin alamar tarawa, kuma idan za ka nuna tazara tsakanin lambobin da ke ƙasa da sifiri, ka rubuta "to" a tsakaninsu maimakon ka jera kara biyu kusa da juna.

Yadda ake samar da su ba wuya. A Windows, idan allonka yana da rukunin lambobi a gefen dama, ka danne Alt ka buga 0150 don matsakaici, 0151 don dogo. A Word, Ctrl tare da alamar ɗebewa ta wannan rukuni yana ba da matsakaici, Ctrl da Alt tare da ita kuma suna ba da dogo. Ƙananan kwamfutocin hannu da yawa ba su da wannan rukuni, sai ka bi ta Insertion, ka shiga Symbole, ka buɗe Caractères spéciaux, inda za ka same su da sunayensu na Faransanci, "tiret cadratin" shi ne dogon, "tiret demi-cadratin" shi ne matsakaicin. A Mac mai allon Ingilishi, Option da karan ɗori suna ba da matsakaici, idan ka ƙara Shift ka sami dogo. A waya kuwa ka danne maɓallin karan ka ɗan riƙe, sauran za su fito ka zaɓa.

Word yana yin wasu gyare-gyare da kansa, kuma gara ka san su da ka bar su su yi maka ba zata. Idan ka buga kalma, karan ɗori biyu, da wata kalma babu fili, yakan mayar da su dogon kara. Idan ka buga kalma, fili, kara, fili, da wata kalma, yakan mayar da shi matsakaici. Wannan ne ya sa takardar mutum ɗaya take fitowa da salo biyu ko uku ba da saninsa ba, musamman idan an fara ta a waya aka ƙarasa a shagon buga takardu. Kafin ka fara rubutu ka sauya harshen takardar daga Faransanci zuwa Ingilishi, in ba haka ba manhajar za ta riƙa cusa fili gaban ruwa biyu da alamar tambaya, ta kuma sa maka alamun zance na Faransanci, waɗanda duk kuskure ne a Ingilishi. Ka kuma duba adireshin imel da na intanet da lambobin waya da ke saman takardarka da cikin manazarta, domin su karan ɗori na maɓallin 6 kaɗai suke karɓa, kuma adireshin da aka sauya wa kara zuwa matsakaici ba zai buɗe ba idan wani a ofishin ɗaukar ɗalibai ya kwafe shi don ya aiko maka da amsa.